Ahmed Zewail da Kemistirin Haske: Tambayoyin da Ɗalibai Suka Fi Yi

Duk sanda sunan Ahmed Zewail ya faɗo a aji ko a hirar ɗaliban kimiyya, tambayoyin da ke biyo baya kusan iri ɗaya ne. Wasu sun ji cewa ya ci kyautar Nobel amma ba su san a kan me ba, wasu kuma sun ɗora masa ƙirƙirar abubuwan da bai taɓa cewa nasa ba ne. Ga tambayoyin nan an tattara, daga masu sauƙi zuwa waɗanda sai an ɗan zauna.

Wane ne Ahmed Zewail?

Bamisire ne masanin kemistiri. An haife shi ranar 26 ga Fabrairu, 1946 a Damanhur, ya tashi a garin Dasuƙ da ke bakin kogin Nilu. Shi da kansa ya ba da labarin cewa tun yana yaro mutanen gidansu suka liƙa takarda a ƙofar ɗakin karatunsa, an rubuta "Dakta Ahmed". Ya yi digiri na farko da na biyu a Jami'ar Iskandariyya, ya tafi Amurka ya yi digirin digirgir a Jami'ar Pennsylvania a ƙarƙashin Robin Hochstrasser, ya gama a 1974. Bayan shekara biyu a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley sai ya kama aiki a Caltech, jami'ar kimiyya da fasaha da ke garin Pasadena a Kalifoniya, a 1976, can kuma ya zauna har rasuwarsa ranar 2 ga Agusta, 2016.

Ya karɓi kyautar Sarki Faisal a 1989. A 1999 aka ba shi Nobel ta kemistiri shi kaɗai, ba a raba masa da kowa ba, saboda nazarin matakin tsaka-tsaki na sauye-sauyen sinadarai da walƙiyar leza (na'urar da ke fitar da siririn haske mai ƙarfi) mai tsawon femtosakan, wato ɗan mitsitsin yanki na daƙiƙa. Shi ne Balarabe na farko da ya samu Nobel a fannin kimiyya.

Mene ne kemistirin haske?

Shi ne nazarin sauyin da haske ke jawowa a cikin sinadarai. Haske yana zuwa ne ƙwaya-ƙwaya, kowace ƙwaya ana ce mata foton. Idan molekul, wato ɗan ƙaramin curin atam da ke ɗaure da juna, ya haɗiye foton guda, sai ƙarfi ya yi masa yawa, dole ya san yadda zai yi da shi: ko ya tsinke, ko ya murɗe siffarsa, ko ya miƙa wa maƙwabcinsa ilaktiron, ko ya mayar da ƙarfin zafi ya huta.

Kowa ya ga wannan da idonsa ko da bai san sunansa ba. Atamfar da aka bari a kan igiyar shanya kwana da kwanaki ta koɗe ta gefe ɗaya. Maganin ruwa da ake zubawa a kwalba mai ruwan ƙasa don kada rana ta lalata shi. Jaririn da aka haifa da shawara, a kwantar da shi ƙarƙashin shuɗiyar fitila a asibiti an rufe masa ido: hasken nan yana sauya siffar sinadarin da ya sa jikinsa rawaya har jiki ya iya fitar da shi. Ganye ma da haske yake haɗa abincinsa, kuma ganin da kake yi yanzu haka daga irin wannan sauyi ya faro.

Mene ne femtosakan, kuma me ya sa sai shi?

Ka raba daƙiƙa ɗaya gida miliyan, ka ɗauki kashi ɗaya ka sake raba shi gida biliyan. Abin da ya rage a hannunka shi ne femtosakan. Yadda femtosakan yake a gaban daƙiƙa, haka daƙiƙa take a gaban shekara miliyan 32. Haske yana isowa daga wata zuwa ƙasa cikin kusan daƙiƙa 1.3, amma a femtosakan 100 bai wuce maikiromita 30 ba, wato ko kaurin silin gashi bai tsallake ba.

Dalilin buƙatarsa lissafi ne kawai. Atam a cikin molekul yana gudun kusan kilomita ɗaya a daƙiƙa, tazarar da zai motsa kafin ɗaurin da ke tsakaninsa da ɗan'uwansa ya tsinke kuwa ba ta wuce kashi ɗaya cikin biliyan goma na mita ba. Raba wannan da wancan, za ka samu kimanin femtosakan 100. Duk na'urar da ta fi haka jinkiri, dishi-dishi za ta gani.

Kafin Zewail, masana ba su san yadda sinadarai ke sauyawa ba ne?

Sun san farko, sun san ƙarshe, tsakiyar ce ta gagara. Svante Arrhenius ya nuna tun 1889 cewa akwai wani tudu na ƙarfi da sinadarai ke hawa kafin su zama wani abu, shi ya sa zafi ke hanzarta su. A 1935 Henry Eyring, da kuma Michael Polanyi tare da Meredith Evans, suka tsara ƙa'idar abin da ke faruwa a ƙololuwar tudun nan, inda tsohon ɗauri bai gama tsinkewa ba, sabo bai gama ƙulluwa ba. Wannan shi ne matakin tsaka-tsaki. An yi shekara 50 ana koyar da shi a jami'o'i ba wanda ya taɓa auna shi kai tsaye.

An yi ta matsawa kusa. Ronald Norrish da George Porter sun fara amfani da walƙiyar fitila a 1949 don kama sinadarai masu gajeren rai, aka ba su Nobel a 1967 tare da Manfred Eigen. Amma walƙiyarsu ta kashi dubu zuwa kashi miliyan na daƙiƙa ce, ta yi tsawo ƙwarai.

To wane agogo ne ke auna femtosakan?

Babu shi, kuma dabarar ke nan. Ana mayar da lokaci tazara. A kan wani faffaɗan teburin ƙarfe mai jerin ramuka, wanda ke zaune kan ƙafafu masu iska don kada takun mutum ya girgiza shi, ana raba walƙiyar leza gida biyu. Ta farko ita ce mai tayarwa, ta bugi molekul ta fara sauyin. Ta biyu mai leƙawa ce, ana bi da ita ta doguwar hanya ta kan madubai kafin ta iso. Ɗaya daga cikin madubban yana kan wata 'yar layin dogo da kwamfuta ke turawa. A ja madubin baya da maikiromita 15, hanyar ta ƙaru da 30 zuwa da dawowa, mai leƙawa ta makara da femtosakan 100 cif. A auna, a sake ja, a sake aunawa. Idan aka jera sakamakon sai ya zama tamkar fim.

Zewail yana yawan kwatanta abin da aikin Eadweard Muybridge na 1878 a Kalifoniya. Mutane sun daɗe suna gardama ko doki a sukuwa yana ɗage ƙafafunsa huɗu duka daga ƙasa a lokaci guda. Muybridge ya jera kyamarori a gefen hanya, dokin ya wuce, hotuna suka raba gardama: yana ɗagewa. Gani ya kori ji.

Akwai sharaɗi guda da ɗalibai ke yawan mantawa. Ba molekul ɗaya ake kallo ba, miliyoyi ne. Da kowanne zai fara a lokacin da ya ga dama, da ba a ga komai ba. Gajartar walƙiyar farko ce ke sa su tashi tare kamar dawakin da aka saki a lokaci guda.

Me ya gani a gwaje-gwajen farko?

A 1987, shi da ɗalibinsa Marcos Dantus da Mark Rosker suka ɗauki wani ƙaramin molekul mai atam uku, ICN, wato aidin da kabon da naitirojin. Suka bi yadda aidin ke rabuwa da sauran biyun, suka ga an gama cikin kusan femtosakan 200. Karo na farko ke nan da aka sa wa tsinkewar ɗaurin sinadari lokaci.

Gwajin da ya fi burge ni shi ne na sodiyam ayodaid da ya biyo baya. A zaune, tazarar atam biyun angistirom 2.8 ce (angistirom ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin biliyan goma na mita). Da aka buge su da haske ba su rabu nan take ba, sai suka riƙa nesanta suna dawowa kamar lilo, kowane zagaye ya ɗan haura femtosakan 1,000. Duk sanda suka ratsa tazarar angistirom 6.9, kusan ɗaya cikin goma sai ya kuɓuce ya rabu har abada, sauran su koma. A takardar sakamako ana ganin tudu bayan tudu, kowanne ya fi na gabansa gajarta. Ɗalibin da ya taɓa zana wannan a allo don jarrabawa, idan ya ga ainihin ma'aunin, jikinsa yakan yi sanyi.

Daga nan suka shiga manyan tambayoyi. Tare da Richard Bernstein sun nuna cewa haɗuwar haidirojin da iskar kabon dayokzaid tana bi ta wani ɗan tsakiya, HOCO, mai rayuwar kusan femtosakan 1,000. Sun kuma warware tsohuwar gardama kan zoben saikulobutan: ɗauri ɗaya ke fara tsinkewa, ɗan tsakiyar ya rayu kusan femtosakan 700, sannan na biyu ya bi.

Ina kiristal masu sauya launin haske suka shigo cikin wannan labari?

A tsakiyarsa. Kowane molekul da launin hasken da yake haɗiya, leza kuwa launi ɗaya take bayarwa. Lezar da aka yi gwajin ICN da ita ja-ja take fitarwa, alhali molekul ɗin altirabayolet yake so, wato hasken da ya fi shuɗi ƙarfi wanda ido ba ya gani. Sai an bi da hasken ta cikin wani kiristal na musamman da ke haɗa foton biyu su zama ɗaya mai ninkin ƙarfi.

A al'ada, haske yana shiga gilashi ya fita da launinsa. Idan ka ninka wanda ya shiga, wanda ya fita ma ya ninku, shi ke nan. Amma idan haske ya yi tsanani irin na leza, ilaktiron ɗin wasu kayan ba sa amsawa daidai da bugun da aka yi musu, kamar lasifikar da aka ƙure wa murya ta fara fitar da wasu sautuka da ba a sa mata ba. Peter Franken da abokan aikinsa a Jami'ar Michigan ne suka fara nuna haka a 1961, shekara ɗaya bayan Theodore Maiman ya kunna leza ta farko. Sun harba jan haske mai nanomita 694 (tsawon zangon haske ke nan, wanda ke nuna launinsa) cikin dutsen kwatz, wani ɗan kaɗan ya fito a 347, wato altirabayolet. Ɗigon da ke hoton shaidar ya yi ƙanƙanta har masu buga mujallar suka ɗauka datti ne suka goge shi. Nicolaas Bloembergen, wanda ya shimfiɗa ƙa'idar fannin, ya samu Nobel a 1981.

In kana da 'yar koriyar leza irin ta nuni a allo, galibinsu haka suke aiki. A ciki akwai ƙaramar leza mai nanomita 808, tana kunna wani kiristal ya ba da 1064 wanda ido ba ya gani, sai kiristal na biyu mai suna KTP, ɗan mitsitsi, ya ninka shi zuwa kore mai 532. Masu arha sau da yawa ba su da matatar da ke tare ragowar hasken da ba a gani, don haka kada a haska wa kowa a ido, ko da wasa.

Me ya sa gilashin taga ba ya yin haka? Su wa ke ƙera irin waɗannan kayan?

Sharaɗi na farko shi ne tsarin atam ɗin ya zama yana da gaba da baya. Idan ko'ina ka juya shi iri ɗaya ne, kamar gilashi ko gishirin miya, ninkawar tana soke kanta. Na biyu, dole hasken asali da sabon su yi tafiya kafaɗa da kafaɗa a cikin kiristal, shi ya sa ake yanka shi a kan wata kusurwa ta musamman, a ɗaki kuma a riƙa murɗa shi a hankali har sabon launi ya bayyana. Sannan ya jure zafin leza, kada ya sha danshi ya lalace.

Nan aikin masu kemistiri yake. Chen Chuangtian na ƙasar Sin, wanda ya rasu a 2018, ya yi lissafin cewa wasu rukunonin boron da oksijin ne suka fi dacewa, shi da tawagarsa a cibiyar bincike ta Fujian suka samar da kiristal masu suna BBO da LBO a shekarun 1980. Da wuya ka shiga ɗakin gwajin femtosakan a yau ba ka tarar da BBO a kan teburi ba. Daga baya suka fito da KBBF mai kaiwa can cikin altirabayolet. Wasu masanan kuma suna ƙera molekul masu kabon, gefe ɗaya mai ba da ilaktiron, ɗaya gefen mai ja.

Abin da zai ba manomi dariya: biyu daga cikin tsofaffin kayan fannin, yuriya da KDP, sinadaran takin zamani ne. Bambancin shi ne tsarki da yadda aka raini kiristal ɗin. Manya-manyan faifan KDP da ɗan'uwansa ne ke mayar da hasken leza 192 na NIF, babbar cibiyar gwajin leza a Kalifoniya, zuwa altirabayolet.

Da gaske ya ga atam suna motsi?

A gwaje-gwajen da suka kawo Nobel, a'a, ba hoto ba ne irin na waya. Abin da ake aunawa shi ne yawan hasken da molekul ya haɗiya ko ya fitar a kowane jinkiri, kamar yadda aka bayyana a amsar agogo. Daga nan ake lissafo tazarar atam. Shi kansa bai gamsu da tsayawa nan ba. Ragowar rayuwarsa ta aiki ya ba da ita ga amfani da gajerun harbin ilaktiron a madadin walƙiya ta biyu, har ya kai ga na'urar ƙara girma ta ilaktiron mai fuska huɗu, uku na wuri, ɗaya na lokaci. Da ita ake ganin siffa tana sauyawa.

Shi ne ya ƙirƙiro lezar femtosakan, ko lezar aikin ido?

Ba shi ba ne. Richard Fork da Benjamin Greene da Charles Shank ne suka sauko ƙasa da femtosakan 100 a ɗakunan binciken Bell a 1981. Donna Strickland da Gérard Mourou suka gano hanyar ƙara wa gajeriyar walƙiya ƙarfi a 1985, wadda ta buɗe ƙofar tiyatar ido da irin wannan leza, aka ba su Nobel a 2018. Rukunin Wilson Sibbett a St Andrews ta Sikotland suka sauƙaƙa lezar taitaniyam-safaya a farkon shekarun 1990, har ɗakunan gwaji da yawa suka iya mallaka. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Rabon Zewail shi ne ya gane tambayar da ta dace da kayan, ya haɗa su da molekul a keɓe, ya zaɓi gwaje-gwajen da ba su bar wa mai musu mafita ba. Ƙara masa abin da ba nasa ba rage masa daraja ne.

To me talaka ya ƙaru da shi?

Idan ana nufin wani kaya a kanti mai sunansa, babu. Ma'auni ya bari, masu ƙera kaya kuma da ma'auni suke aiki. Mai son inganta farantin sola yana buƙatar sanin saurin da ilaktiron ke tserewa bayan haske ya buge shi, da inda yake ɓacewa. A 1991 masu bincike a Berkeley sun auna matakin farko na gani, murɗewar sinadarin retinal a cikin ido, suka samu kusan femtosakan 200. Saurin nan na cikin dalilan da suka sa ido ba ya asarar haske da yawa.

Har babbar rigar da ta fito daga marinar Ƙofar Mata tana da rabo a nan. Baba na cikin rinin da ke jure rana, masu bincike da irin wannan leza kuma sun danganta hakan da yadda molekul ɗinsa ke gusar da wani atam na haidirojin cikin gaggawa ya zubar da ƙarfin hasken a matsayin zafi, tun kafin ya yi masa ɓarna. Marina sun san sakamakon tun ƙarnuka, dalilin ne ya zo daga baya.

Yaya ake auna tasirin masani irinsa?

Yawanci ana fara da ƙidaya: ya wallafa maƙalu kusan 600, ga lambobin yabo irin su Wolf a 1993 da Priestley a 2011. Ƙidaya tana da amfani, amma tana iya ruɗi, musamman a wurinmu inda ƙarin girma a jami'a ya sa wasu ke tara takardu ba tare da tambaya ko ɗaya a cikinsu ba. Ma'aunin da ya fi shi ne: shin wasu sun sauya yadda suke aiki saboda kai?

Dubi ɗalibansa. Dantus ya kafa nasa ɗakin gwaji a Jami'ar Jihar Michigan. Dongping Zhong, a Jami'ar Jihar Ohio, ya haɗa kai da Aziz Sancar, Baturken da ya ci Nobel a 2015, suka bi mataki-mataki yadda wani sinadarin jikin halittu ke amfani da shuɗin haske ya gyara DNA da rana ta lalata. Hanyar tayarwa da leƙawa kuma ta zarce zuwa atosakan, wanda ya fi femtosakan gajarta sau 1,000, aikin da ya kawo wa Pierre Agostini da Ferenc Krausz da Anne L'Huillier Nobel ta fiziks a 2023.

Me ya yi wa Masar?

An karrama shi da babbar sarƙar Nilu a 1999, ya kuma matsa a gina cibiyar kimiyya ta gaske. An aza tubali a 2000, aikin ya kwanta, sai bayan juyin 2011 aka farfaɗo da shi da sunan Birnin Kimiyya da Fasaha na Zewail a garin 6 ga Oktoba, kusa da Alƙahira. An sha shari'a da Jami'ar Nilu kan fili da gine-gine kafin abubuwa su daidaita. A 2009 Shugaba Obama ya sa shi cikin masu ba shi shawara kan kimiyya, ya kuma naɗa shi jakadan kimiyya zuwa Gabas ta Tsakiya. A Masar aka binne shi bayan jana'izar girmamawa ta soja. Gaskiyar da ba ta da daɗi ita ce Masar ta haife shi ta karantar da shi, amma aikin da ake alfahari da shi a Pasadena aka yi.

Ɗalibi a Kano ko Zariya ko Yamai zai iya shiga wannan fanni?

Zai iya, in ya san ta inda zai fara. Ɗakin femtosakan yana son wutar da ba ta ɗaukewa, da sanyin ɗaki da ba ya hawa da sauka, da iska marar ƙura. Ƙwayar ƙurar hunturu ɗaya a kan madubi ta isa ta ƙone shi. Saboda haka a gida a riƙe abin da ake da shi: na'urar auna haɗiyar haske da yawancin sassan kemistiri ke da ita, da rana wadda ba mu rasa ba, da kwamfuta. Ana iya nazarin yadda rini ko magani ke lalacewa a rana, ana iya rainon kiristal ɗin KDP a cikin kwalba a ɗakin gwaji, ana kuma iya lissafin ƙarfin ninka haske na sabon molekul tun kafin a haɗa shi. A ƙarfafa lissafi da ƙa'idar kwantam, wadda ke bayyana halayyar atam da haske, don su ne ke kayar da yawancin masu sha'awar fannin.

Don taɓa na'urar da hannu, akwai Cibiyar Leza ta Afirka da ke da mazauni a Afirka ta Kudu, da cibiyar leza ta Jami'ar Alƙahira, da cibiyar ICTP a Trieste ta Italiya wadda Abdus Salam ya kafa a 1964, tana shirya kwasa-kwasan ilmin haske ga ɗaliban ƙasashe masu tasowa. TWAS, ƙungiyar masana kimiyya ta duniya mai tallafa wa ƙasashe masu tasowa, ita ma tana ba da guraben digirin digirgir. Wajen nema, wasiƙar da ta ce "na auna koɗewar rini kaza a rana tsawon sati shida, ga abin da na samu, ga abin da na kasa bayyanawa" ta fi shiga idon farfesa a kan wadda ta cika da yabon ɗakin gwajinsa.